Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Shawara ga Mai Ziyarar Birnin Shehu

Wannan magana ta zamanin ganuwa ce. A wancan lokaci duk garin da ya amsa sunansa yana kewaye da katanga mai kauri, da rami mai zurfi a bayanta, da ƙofofin da ake rufewa in rana ta faɗi. Mayaƙa kan yi wa gari zobe wata da watanni ba su samu shiga ba, sai ran da wani na ciki ya nuna musu inda ganuwa ta zaizaye, ko ya faɗa musu ƙofar da mai gadinta ke gyangyaɗi. Daga nan Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari. Yaƙin dawaki ya wuce, ganuwoyi sun zube, amma maganar tana nan daram, domin har gobe baƙo ba ya cin moriyar gari sai ya samu wanda ya san lungunansa ya kama hannunsa. Ɗan kasuwa ya san haka, mai neman aure ya san haka, ɗan siyasa kuwa ya fi kowa sani. Wanda ya fi yawan mantawa shi ne mai yawon buɗe ido, wanda ke ganin kuɗin mota da waya a hannu sun ishe shi.

Ga mutumin Kontagora, babu birnin da ya fi dacewa a auna wannan magana da shi kamar Sakkwato. Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kontagora a 1864, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sarautar Sarkin Sudan ma daga can ta fito, a 1859, lokacin da ɗan'uwansa Ahmadu Atiku ya zama Sarkin Musulmi. Ko a zamanin boko, daga 1967 zuwa 1976, Kontagora tana cikin Jihar Arewa maso Yamma ne, hedikwatarta kuma Sakkwato. Dattawan da suka yi aikin gwamnati a wancan lokaci can suke kai takardunsu. Don haka ɗan Kontagora da ya shiga mota ya bi ta Yawuri, ya wuce Koko da Jega da Tambuwal da Boɗinga, gidan kakanni ya nufa. Sai dai zumunci daban, sanin gari daban. Jika ma yakan ɓata a gidan kakansa in bai taɓa zuwa ba.

Jarrabawar farko tana tasha. Kana sauka da jaka a kafaɗa, 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep za su yi maka caa, kowa na cewa, "Malam, ina muka nufa?" Daga yadda ka amsa za su gane ko kai waye. In ka ce a kai ka wajen tarihi, ka riga ka sayar da kanka, za a yanka maka kuɗin da ya ninka na ɗan gari. In kuwa mai masaukinka ya riga ya gaya maka ka ce Kanwuri, ko Giɗaɗawa, ko Ƙofar Marke, ya kuma faɗa maka abin da ake biya, sai a daidaita cikin mutunci tun kafin ka hau. Wannan ba halin Sakkwatawa kaɗai ba ne. Haka ake yi a Kano, haka a Alkahira, haka ma a tashar Kontagora in Bayarabe ya sauka da dare.

Akwai kuma abin da taswirar waya ba ta faɗa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, saboda haka ɗan gari zai ce maka ka fita bayan sallar asuba ka dawo kafin azahar, sauran yawon a bar shi sai la'asar sakaliya. Zai ce maka ran Juma'a kada ka sa ran wucewa da mota ta kusa da Masallacin Shehu ko Masallacin Sarkin Musulmi Bello a lokacin salla. Zai nuna maka inda ake dama fura mai kyau, da rumfar dukawan da ke ɗinka jaka da takalmi da jar fatar akuyar da ta fitar da sunan Sakkwato har Turai.

Amma inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen gane abin da ido ke gani. Muhammadu Bello ne ya kafa birnin a 1809, Shehu ya dawo cikinsa daga Sifawa a 1815, ya rasu a 1817. Ganuwar da ta kewaye tsohon birnin ta tafi, sai sunayen ƙofofi: Ƙofar Kade, Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku da sauransu. Baƙo zai iya tsayawa a Ƙofar Atiku bai ga komai ba sai kwalta da shaguna da hayaniyar babura. Sai wani tsoho mai zaman bakin hanya ya miƙa sandarsa ya nuna masa inda katanga ta bi a da, sannan wurin ya zama tarihi a idonsa, har ya tuna cewa sunan mahaifin Nagwamatse ne yake ji a bakin yaran mota. Haka Giginya. Yau suna ne na filin wasa da barikin soja, amma a can ne ranar 15 ga Maris 1903 dakarun Sarkin Musulmi Attahiru suka kara da sojan Turawan Ingila, kafin ya yi gabas ya yi shahada a Burmi a watan Yulin wannan shekara. Wanda bai tambaya ba, sai ya wuce abinsa.

Hubbaren Shehu kuwa ba gidan kallo ba ne da za ka sayi tikiti ka kutsa. Makwanci ne na Shehu da wasu iyalansa, har da 'yarsa Nana Asma'u, da sarakunan Musulmi irin su Abubakar na Uku da Muhammadu Macciɗo. Tun daga ƙofa za ka ga takalma jere, da mabarata suna jiran sadaka, da tsofaffin mata da suka taso daga ƙauyuka masu nisa a ƙungiya, al'adar da ta samo asali daga 'yan taru na zamanin Nana Asma'u. A nan baƙo mai hankali yakan rage murya, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama ga masu kula da wurin, ya ce, "Allah gafarta malam, ni baƙo ne daga Kontagora, ziyara na zo." Wannan kalma kaɗai tana buɗe abin da kuɗi ba ya buɗewa. Za a nuna maka inda za ka tsaya, a faɗa maka kabarin wane ne wannan, wancan kuma na wane, ka yi wa mamata addu'a ka fito. Wanda ya shiga da waya a sama yana ɗaukar hoto ba izini, ya jawo wa kansa da garinsu magana.

Ko Turawan da ake kira masu gano ƙasa ba su tsallake wannan ƙa'ida ba. Da Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya sauka. Shi ya ba shi masauki, shi ya kai shi gaban Muhammadu Bello, kuma abin da ya rubuta game da ƙasar, akasarinsa daga bakin masu ƙasar ya ji shi. Sunan baƙon ya shiga littattafan duniya, alhali aikin na 'yan gari ne. Zuriyar wannan Waziri su ne Giɗaɗawa, cikinsu har da Waziri Junaidu da ya rasu a 1997, wanda gidan adana kayan tarihi na jihar ke ɗauke da sunansa. Mai ziyara ya kamata ya ware wa wannan gida rabin yini, ya ga tsofaffin wasiƙu da rubuce-rubucen hannu da kayan yaƙi, ya kuma yi haƙuri ya saurari ma'aikacin da ke bayani.

In zuciya ta raya maka ka ƙarasa Wurno inda kabarin Bello yake, ko Degel inda Shehu ya yi karantarwa, ko Gwandu wajen Malam Abdullahi ƙanin Shehu, to nan ɗan gari ya wuce ɗan rakiya, ya zama mai tsaron rai. Mutanen Kontagora sun san abin da 'yan bindiga suka mayar da wasu hanyoyi. Hanyar da aka bi lafiya bara ba lallai ne a bi ta bana ba, kuma direbobin tasha da mai masauki ne suka san labarin safiyar yau.

To, amma maganar tana da ƙaya, kuma adalci ne a faɗe ta. Asalin ɗan garin da ke cikin karin maganar maci amana ne, shi ya buɗe wa abokan gaba ƙofa. Har yau akwai irinsa, sai dai yanzu baƙon yake ci. Zai tare ka da fara'a, ya ce shi jikan wane ne, ya shirya maka labarin da babu shi a kowane littafi, ya kai ka shagon abokinsa inda rabonsa ke jiransa. Maganin wannan shi ne tsohuwar al'adar fatake: ba a shiga gari sai da mai masauki wanda wani naka ya sani, wanda zai ji kunya in ka cutu. Sannan ko ɗan garin kirki ne, labarin gidansu zai ba ka. Yadda Basakkwace ke ba da labarin faɗuwar Alkalawa, birnin Gobir, a 1808 ba haka Bagobiri ke ba da shi ba, kamar yadda labarin yaƙe-yaƙen Nagwamatse a bakin Kambari da Gwari ya sha bamban da wanda maroƙa ke yi a ƙofar fada. Mai neman sani yakan ji daga baki biyu ko uku kafin ya kama ɗaya.

Daga ƙarshe, kowane baƙo ɗan gari ne a wani wuri, kuma nan ne maganar ta juyo kanmu. In Basakkwace ya sauka a Kontagora ya ce a nuna masa garin ɗan'uwansu, matasa nawa ne za su iya kai shi fadar Sarkin Sudan su jero masa sarakuna tun daga Nagwamatse har zuwa Muhammadu Barau Mu'azu na Biyu da ya hau a 2021? Nawa ne suka san cewa Turawa sun ci garin a 1901, suka kori Sarki Ibrahim, sannan suka mayar da shi kan gado a 1903? Haihuwa a gari ba ta mayar da mutum ɗan gari in bai san garin ba.

Saboda haka, mai niyyar ziyarar birnin Shehu, kafin ka ɗaura jaka ka nemi wanda zai tarbe ka, ka riƙe masa ɗan tsaraba, ka shiga da sallama da tambaya. In ka dawo kuma, ka samu wani dattijo a unguwarku ka zauna gabansa ka koyi tarihin garinku tun yana da rai, domin wata rana kai ne ɗan garin da baƙo zai nema.