Nasiha Game da Haƙƙin Masu Aikin Lambu

Ya ku jama'ar Kano, manya da yara, maza da mata, ina so in ja hankalinku zuwa ga wani al'amari wanda yake shiga tukunyar kowane gida safe da yamma, amma kaɗan ne daga cikinmu suke tsayawa su tambayi asalinsa, wato gumin bayin Allah da suke noma mana kayan miya.

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya ji cewa Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tana da gurbin da a dā ake cinikin bayi, kuma gandayen sarauta irin na Fanisau da Dorayi da ƙarfin bayi aka nome su. Turawa sun rufe wannan ciniki da suka ci Kano a 1903, doka kuma ta soke bautar baki ɗaya a Arewa a 1936. Alhali kuwa tun a 1615 Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya riga ya yi fatawa cewa mutanen Kano da Katsina Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba. To, mari ya fita daga ƙafa, amma kwaɗayin cin ƙarfin mutum a banza yana nan a zukata, suna kawai ya sake.

Wanda yake shakkar maganata ya yi sammako ya bi lambunan bakin kogin Jakara, zai tarar da yaro, almajiri ko ɗan ƙauye, tsaye cikin baƙin ruwan da ya kwaso ƙazantar birni, ƙafafunsa duk faso, yana jan tiyo daga fangali zuwa fangali, in rana ta ɗaga kuma a goya masa tankin feshi, babu abin rufe hanci, babu safar hannu. Tambaye shi nawa ne ladansa, sai ya ce maigida ya ce sai an sayar da kaya. Tambayi maigidan, sai ya ce ai yaron gidana ne, ni nake ciyar da shi. Wani kuwa ɗan ci-rani ne da dillali ya kawo, an rubuta masa kuɗin mota da na abinci da na magani a kan bashi, har damina ta faɗi bai ga ƙarshen lissafin ba, ga kunyar komawa gida hannu rabbana. Bawan dā ma, duk da ƙuncin da yake ciki, yakan san kuɗin fansarsa, ya yi murgu ya tara. Wannan kuwa, da ake kira ɗa, bai san adadin abin da ake bin sa ba.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Duk ɗalibin da ya karanta littafin Risala a zaure ya san ijara ba ta inganta sai an ambaci lada an kuma yanka ajali, domin jahiltar ɗayansu garari ne. Kuma ya tabbata a hadisin da Bukhari ya ruwaito cewa daga cikin mutum uku waɗanda Allah Maɗaukakin Sarki da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, akwai wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya cika masa aiki amma ya hana shi ladansa. Dillalin da yake karɓe kuɗin yaro a ƙarshen wata, ya duba ko a wane sahu yake.

Kada kuma mu ɗora laifin duka a kan mai lambu, domin shi ma sau da yawa a matse yake. Tumatirin Kura da Kadawa da Garun Malam, wanda ruwan Tiga yake shayarwa, yakan ratsa hannaye da dama kafin ya isa kasuwar Kwanar Gafan ko ta 'Yan Kaba ko Legas. Attajirin da ya ba da taki da iri bashi, sa'an nan ya dawo lokacin kwasa ya yanka wa kwando farashin da ya ga dama, shi ne farkon wanda ya danne yaron nan, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Haka mai babban gida da ya ɗauki gadina ta hannun wani, bai taɓa tambayar nawa ne yake isa aljihunsa ba.

Saboda haka ina kira ga masu lambu su yanka lada gaban shaidu kafin a kama fartanya, su danƙa shi a hannun wanda ya yi aikin. Malamai su san inda almajiransu suke wuni, limamai su faɗi wannan a kan mumbari, masu unguwanni su binciki duk dillalin da yake shigo da yara. Inda aka ga an tsare mutum da bashi ko da tsoratarwa, a kai magana ga Hisba ko hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin wannan aiki, tana kuma da ofishi a nan Kano. Ya ɗan'uwa, in akwai wanda yake bin ka ladan aiki, ka neme shi yau ka biya shi.