WA KAKAKIN JAM'IYYA YAKE CI WA ALBASA?

Wata rana ina koyar da tarihin siyasa a Rano, sai wani ɗalibi ɗan Kibiya ya tambaye ni bambancin kakakin jam'iyya da sanƙiran sarki, tunda kowannensu bakin wani yake ara ya ci masa albasa. Ajin ya bushe da dariya, ni kuwa sai na kwana ina juya maganar.

Sanƙira dai aikinsa kambama ubangidansa, ba wanda zai tuhume shi don ya zuzuta. Kakakin jam'iyyar talakawa kuwa iyayen gida biyu gare shi: shugabannin da suka naɗa shi, da talakan da aka kafa jam'iyyar da sunansa. To, ranar da muradinsu ya saɓa, bakin wa zai ara?

Lokacin da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, amsar ba ta da wuya. Jam'iyyar ba ta da mulki, ba ta da dukiya, magana ce kaɗai jarinta. Malam Tanko Yakasai, wanda ya riƙe mata sakataren watsa labarai, ya kuma yi aiki a jaridar Comet, ya sha ɗauri saboda siyasa. Manomin da dogari ya shanya a rana kan kuɗin haraji ba ya buƙatar a rantse masa, domin abin da kakakin yake faɗa a jikinsa yake.

Jarrabawar gaske sai da mulki ya samu. A 1979 PRP ta ci Kano da Kaduna, gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Ba a jima ba jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Bakunan da jiya suke kare talaka sai suka koma yagar juna, kowa yana rantsuwa shi ne mai bin aƙidar gaskiya. Mu mutanen Rano mun ga abin a ƙofar gida: a 1981 Rimi ya ɗaga darajar masarautarmu, a 1983 Sabo Bakin Zuwo ya rushe matakin, alhali dukansu daga tsatson Malam Aminu Kano suka fito. Kowane ɓangare da masu kare shi, talaka kuwa ya rasa na kamawa.

Wani zai ce ai ɗaukarsa aka yi ya kare jam'iyya, tona asirin gida kuwa cin amana ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don ba a son kakaki ya zama mai fallasa. Amma rufe sirri daban, shara ƙarya daban. Yana iya yin shiru, yana iya faɗa wa shugabanni gaskiya a cikin ɗaki, in ta ƙi ya ajiye muƙamin. Abin da bai halatta gare shi ba shi ne ya kira baƙi fari a gaban mutanen da ba su da wata kafar jin labari sai shi. Jam'iyyar masu hannu da shuni in ta yi ƙarya kuɗinta na nan. Ta talakawa kuwa in ta rasa yardar jama'a, ta rasa komai.

'Yan'uwa marubuta, wannan tambaya tamu ce. Da yawanmu za a nemi alƙalaminmu don rubuta jawabi ko sanarwa. Kafin ka karɓa, ka auna ko za ka iya karanta abin da ka rubuta a tsakiyar kasuwar Kibiya ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Allah Ya sa mu dace, amin.