Gwiwar Boone da Ƙugun Rodriguez

A watan Janairun shekarar 2004, Aaron Boone, ɗan wasan ƙwallon besbol na kulob ɗin New York Yankees a ƙasar Amurka, ya shiga wasan ƙwallon kwando na nishaɗi a lokacin hutu, sai jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Wata uku kafin wannan rana babu wanda ake yabo a birnin kamarsa, domin bugunsa guda ne ya kori abokan hamayyarsu Boston Red Sox, ya kai kulob ɗin gasar ƙarshe ta shekarar. Amma a cikin kwantiraginsa na dala miliyan 5.75 akwai sharaɗin da ya hana shi wasan kwando. Da ya ce a wurin motsa jiki ya gurɗe, da wuya a sami mai ƙaryata shi, kuma da an biya shi kuɗinsa cif-cif yana kwance a gida. Bai yi haka ba. Ya faɗi inda ya ji raunin da yadda ya ji shi, kulob ɗin kuwa ya sallame shi da albashin kwana 30, abin da bai kai dala miliyan ɗaya ba.

Wanda aka ɗauko ya maye gurbinsa a watan Fabrairu shi ne Alex Rodriguez. A ƙarshen 2007 Rodriguez ya sa hannu a sabon kwantiragi na shekara 10 a kan dala miliyan 275, ya kuma zauna gaban talabijin ya musanta cewa ya taɓa shan ƙwayoyin ƙara kuzari. A Fabrairun 2009 ya amsa cewa ya sha su daga 2001 zuwa 2003, sa'ad da yake kulob ɗin Texas Rangers. An yi masa tiyata a ƙugu a 2009, aka sake yi a ɗaya ɓangaren a 2013. A shekarar nan ta 2013 sunansa ya fito a badaƙalar wani ƙaramin asibiti na jihar Florida mai suna Biogenesis, aka dakatar da shi kakar 2014 gaba ɗayanta, ya yi asarar kimanin dala miliyan 22. Da ya dawo, sauran dala miliyan 61 na shekaru ukun da suka rage suna nan suna jiransa, kuma an biya shi su, har da na shekarar da bai buga ko wasa ɗaya ba bayan an sallame shi a 2016.

Duk wanda ya jera waɗannan labarai biyu zuciyarsa za ta yi masa hukunci tun kafin hankalinsa ya zauna: mai gaskiya ya rasa, maƙaryaci ya kwashe. Daga nan ne ake kiran a ba kulob ikon soke kwantiragin duk wanda aka kama da ƙwaya, musamman idan jikinsa ya riga ya lalace. Na fahimci zafin da ke bayan wannan kira, amma ban yarda da shi ba, kuma dalilina yana buƙatar a fara sanin irin alkawarin da ake magana a kai.

Besbol wasa ne da mutum ɗaya yake jefa ƙwallo mai tauri da gudun da kan haura kilomita 150 a awa, wani kuma ya yi ƙoƙarin make ta da kulki. Kowane kulob daga cikin 30 na babban rukuni yana buga wasa 162 cikin kimanin wata shida, kusan kullum ke nan, da tafiye-tafiye daga gabar teku zuwa gabar teku. Jifan da ake yi ba irin wanda aka halicci kafaɗa da gwiwar hannu dominsa ba ne, saboda haka rauni a wannan sana'a kamar ƙuna yake a wurin maƙeri. 'Yan wasan sun daɗe ba su da wata kariya. Har zuwa 1975 kulob yana iya riƙe ɗan wasa iyakar rayuwarsa ta wasa, ya sayar da shi ko ya yar da shi yadda ya ga dama. Curt Flood ya ƙi yarda a sauya masa kulob a 1969, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya faɗi, sana'arsa ma ta mutu a hanya. Ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa ƙarƙashin Marvin Miller ce ta ƙarasa yaƙin, kuma daga 'yancin da aka samu ne aka gaji dogon kwantiragi mai lamuni: idan an sa hannu, ko ɗan wasa ya karye a ranar farko, sai an biya shi har ranar ƙarshe. Stephen Strasburg ya sa hannu a kan dala miliyan 245 a 2019, bai yi jifan da ya kai cikakkun wasanni huɗu ba bayan nan, jijiyoyin kafaɗarsa da wuyansa suka tilasta masa ritaya. Ban ga zalunci a kuɗin da ya karɓa ba. Kulob yana da 'yan wasa da yawa, yana iya sayen inshora, yana iya mayar da asarar bana a baɗi. Ɗan wasa hannu ɗaya yake jifa da shi, kuma ba shi da na ajiya. Adalci ne nauyin kasada ya hau wuyan wanda ya fi iya ɗaukarsa.

To, in haka ne, me zai sa wanda aka lamunce wa kuɗinsa ya nemi allura a ɓoye don ya warke da wuri? Wannan ita ce tambayar da ta fi tsaya mini a rai, domin uzurin rauni shi ne wanda aka fi ji. Andy Pettitte, mai jifa na Yankees wanda sunansa ya fito a rahoton Sanata George Mitchell na Disambar 2007, ya ce ya yi amfani da sinadarin girman jiki na HGH na kwana biyu a 2002 saboda ciwon gwiwar hannu, don yana ganin wajibinsa ne ya koma wa kulob ɗinsa da gaggawa. Mark McGwire, da ya amsa laifinsa a 2010, ya ce lafiya yake nema bayan raunuka sun addabe shi. Ryan Braun ma haka ya ce a 2013. Ana iya ɗaukar duk wannan a matsayin wanke kai, kuma akwai dalilin zargi, tunda Pettitte da kansa ya dawo bayan wata biyu ya ƙara da cewa ya sake yi a 2004. Duk da haka ina jin akwai gaskiya a cikin zancen. Lamuni yana kawar da tsoron yunwa, sai ya bar kunya. Mutumin da yake karɓar miliyoyi yana zaune a benci da bandeji, jaridu suna lissafa nawa ake biyansa a kowace ranar da bai yi komai ba, 'yan kallo suna yi masa ihu, yana jin abin nan da ake cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rodriguez ma da ya yi iƙirarinsa, nauyin kwantiragin dala miliyan 252 da Texas ta ba shi ya ɗora wa laifin. Kuɗin da aka bayar don mutum ya yi jinya cikin natsuwa su ne suka zama bulalar da ke korarsa daga gadon jinya.

Fahimtar uzuri daban take da karɓarsa. Masu kare waɗannan 'yan wasa sukan ce ai babu wata iyaka ta gaske tsakanin magani da maguɗi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. A 1974 likita Frank Jobe ya ciro jijiya daga hannun dama na Tommy John ya dasa a gwiwar hannunsa na hagu, mutumin ya ci gaba da jifa har 1989 yana da shekara 46. Yau wannan tiyata ta zama ruwan dare, babu mai kiranta maguɗi. Allurar kashe zafi da ake yi wa ɗan wasa don ya fita fili da ciwonsa halal ce a dokarsu, alhali takan ɓoye masa ɓarnar da yake ƙara wa jikinsa. Idan wuƙar likita ta halatta, me ya haramta ƙwayar? Ban ga amsar a cikin sinadarin ba, na gan ta a ƙofar da aka bi. Tiyatar John an yi ta da rana tsaka, kowa ya sani, kuma duk mai irin ciwonsa yana iya neman a yi masa. Dokar besbol ma ta tanadi izini na musamman ga wanda likita ya tabbatar yana buƙatar haramtaccen magani. Wanda ya bar wannan ƙofa ya aiki mai horar da shi ya sayo masa allura a asirce ya san abin da yake nema ya wuce abin da abokin karawarsa ke da shi. Kuma a wasan da ake bugawa kusan kullum, saurin warkewa shi kansa fifiko ne. Wanda ya tashi daga jinya cikin mako uku ya riga wanda ya bi ta hanyar likita ya yi mako shida.

Laifin ɗan wasa ya tabbata ke nan. Sauran magana ita ce ko kulob ne ya cancanci diyyar. A ciniki, wanda aka ɓoye wa aibin haja yana da ikon mayarwa, amma wanda ya ga aibin da idonsa, ya yi ciniki a kai, ya ci ribarsa shekara da shekaru, ba ya dawowa ranar da hajar ta tsufa ya ce an cuce shi. Bayan yajin aikin 1994 da ya sa aka soke gasar ƙarshe, 'yan kallo sun yi fushi sun ƙaurace. Abin da ya taimaka wajen dawo da su shi ne tseren 1998, lokacin da McGwire ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 70, Sammy Sosa kuma sau 66. Jikunan 'yan wasa suna kumbura a gaban kowa, filaye suna cika, kuma ba a fara gwajin fitsari a babban rukuni ba sai 2003. Yankees sun kammala sabon kwantiragin Rodriguez a makon da rahoton Mitchell ya fito da sunaye kusan 90, lokacin da babu mai hankalin da zai ce bai san abin da ke gudana a wasan ba, har suka ƙara masa alkawarin dala miliyan 6 a kan kowane tarihin bugu da ya kamo. Wata tara bayan iƙirarinsa ya taimaka musu suka ci kofin 2009, ban kuwa ji an yi maganar soke komai a ranar bikin ba. Maganar ta taso ne da ƙugu ya lalace, shekaru suka ja. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ikon sokewa a hannun irin wannan mai saye zai zama tarko: za a kau da kai ga matashin da ke cin wasa, a zuba ido a kan tsohon da ke ɗingishi, ana addu'ar fitsarinsa ya nuna wani abu. Shi ya sa yarjejeniyar da ke tsakanin hukumar wasan da ƙungiyar 'yan wasa ta hana kulob ƙara wani hukunci nasa a kan dakatarwa, kuma ina ganin wannan daidai ne, ko da yake yana barin ɗaci a baki.

Abin da ya fi damuna shi ne duk wannan gardama ana yin ta tsakanin attajirai biyu, mai kulob da tauraronsa, kamar babu mutum na uku. Akwai shi kuwa. Gurbi a babban rukuni ƙayyadadde ne, 26 a kowane kulob, kuma duk wanda ya riƙe nasa da allura akwai wanda ya tare wa hanya. Wannan mutum yana ƙananan rukunai, inda kafin yarjejeniyar 2023 mafi ƙarancin albashi a matakin ƙasa dala 4,800 ne a shekara, a matakin sama kuma 17,500. Ba shi da lamuni. Idan gwiwar hannunsa ta tsinke, wata rana za a kira shi ofis a ce ya tattara kayansa. Shi ne ya fi kowa dalilin shan ƙwaya, kuma idan ya ƙi, yana kallon abin da ke faruwa a sama: an dakatar da Melky Cabrera wasa 50 a 2012, kafin shekarar ta ƙare Toronto ta ba shi dala miliyan 16, an dakatar da Jhonny Peralta wasa 50 a 2013, St. Louis ta ba shi miliyan 53. Ba sai an koya masa lissafi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba mu san sunansa ba, domin abin da aka ƙwace masa shi ne damar da za ta sa a san sunan.

Saboda shi nake ganin an ɗora tambayar a karkace. Ana tambaya ko kuɗin za su zauna wurin ɗan wasa ko su koma wurin kulob, alhali dukansu biyu sun ci daga maguɗin. A halin yanzu albashin wanda aka dakatar yana zama a asusun kulob ɗinsa, wato dakatar da Rodriguez ta zama garaɓasa ga Yankees a daidai lokacin da suka fi son rabuwa da nauyinsa. Da ni ake tambaya, da na ce a bar lamunin rauni yadda yake, a tsananta tarar maguɗi ta wuce albashin kwanakin dakatarwa ta taɓa wani kaso na shekarun da suka rage, sannan kada ko sisi ya koma wa kulob: kulob ya biya cikakken abin da ya yi alkawari, kason da aka yanka ya tafi jinya da fanshon 'yan ƙananan rukunai. Ta haka mai kulob ba shi da riba a faɗuwar ɗan wasansa, ɗan wasa kuma ba ya iya lissafa dakatarwa a matsayin ɗan harajin da ake biya a wuce.

An taɓa kusantar wannan hanya sau ɗaya, ba da niyya ba. A 2015 Rodriguez ya kamo tarihin Willie Mays na bugu 660, ya nemi dala miliyan 6 da aka yi masa alkawari. Yankees suka ƙi, suka ce tarihin da ƙwaya ta gurɓata ba ya sayuwa. Bayan ja-in-ja aka daidaita a watan Yuli: ba za a ba shi ba, za a raba dala miliyan 3.5 ga ƙungiyoyin agaji, mafi yawansu na koya wa yaran birane wasan. Sauran miliyan 2.5 suka zauna a aljihun kulob.