Bashin Mai Naƙuda

A jami'o'inmu, in aka tashi auna malami, abu biyu ake fara tambaya: maƙala nawa ya buga, kuma sau nawa waɗansu masana suka ambace shi a cikin nasu rubuce-rubucen. Da wannan mudu ake awon ƙarin girma, da shi ake raba kuɗin bincike, har da shi ake jera jami'o'in duniya, wannan ta ɗaya, waccan ta ɗari tara. Abin da nake so mu tattauna a nan, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, shi ne ko wannan mudu ya isa ya auna aikin mutumin da bincikensa ya shafi ciki da haihuwa da lafiyar ma'aurata. Na zaɓi wannan fanni ne domin a nan, in aka yi kuskuren awo, rai ne ke salwanta.

Shi ambato ba baƙon abu ba ne gare mu. Malamanmu na zaure ba su karantar da littafi sai sun faɗi wurin wanda suka ɗauko shi, har Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan malaman da ya yi karatu wurinsu. Watau ambato amana ce da godiya. Abin da yake sabo shi ne ƙidaya shi. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya kawo shawarar a 1955, kuma a 1964 ya fito da kundin da ke nuna wa ya ambaci wa. Nufinsa na farko shi ne a sauƙaƙa wa mai bincike neman abin da aka riga aka rubuta. A 2005 kuma wani masanin kimiyya, Jorge Hirsch, ya ƙago lamba guda: in aka ce malami yana da 20, to yana da maƙala 20 waɗanda aka ambaci kowaccensu aƙalla sau 20. Da haka godiya ta zama kuɗi, ana tarawa ana lissafi.

Kada mai karatu ya ɗauka raina abin nake yi. Ga misali daga gida. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. A 1985 wata babbar mujallar likitocin mata ta Ingila ta buga sakamakon. Abin da ya fito fili shi ne, mafi yawan matan da suka mutu ba su taɓa zuwa awo ba, sai da naƙuda ta yi tsawo ko jini ya ɓalle aka kawo su ranga-ranga. Kuma macen da ta yi makaranta ta fi wadda ba ta yi ba tsira nesa ba kusa ba. A shekarar ce kuma Allan Rosenfield da Deborah Maine suka yi rubutu a mujallar Lancet suna ƙorafi cewa shirye-shiryen lafiyar uwa da yaro sun manta da uwar. A 1987 aka yi babban taro a Nairobi a kan kare ran mata masu haihuwa. Aikin Zariya yana cikin waɗanda suka farkar da duniya, kuma ta hanyar ambato ya yi wannan tafiya, daga wannan mujalla zuwa waccan, har ya kai teburin masu yanke shawara. Wanda ya ce ambato banza ne bai yi adalci ba.

To, amma ina ya tsaya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 suka mutu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, daga cikin 287,000 na duniya baki ɗaya. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, shekara 35 bayan fitowar binciken Zariya. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cewa a Arewa maso Yamma, cikin haihuwa 100, waɗanda aka yi a asibiti ba su kai 20 ba. Laifin ba na Harrison ba ne, shi da ya yi ta nanata cewa tushen matsalar talauci ne da rashin karatun 'ya'ya mata. Abin da nake nunawa shi ne, lambar ambato tana iya hawa kullum alhali makara ba ta daina fita daga gidajen masu jego ba. Mudun yana auna hirar da masana ke yi a tsakaninsu ne kurum.

Maganar jijjiga ta fi fito da abin sarai. Wani babban gwaji da aka buga a 1995 ya tabbatar cewa allurar magnesium sulphate ta fi sauran magunguna hana jijjiga maimaituwa. A 2002 wani gwajin, da ya haɗa mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana hana ta aukuwa tun farko ga mai hawan jini na ciki. Magani ne mai araha. An ambaci waɗannan maƙaloli ba iyaka. Amma sai a 2008 aka yi shirin shigar da maganin a manyan asibitoci 10 na Jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi, aka rubuta ƙa'idar yin allurar a sauƙaƙe. Masu shirin sun ba da rahoton cewa mutuwar masu wannan ciwo ta sauko daga wajen 21 cikin 100 zuwa kamar 2. Daga 1995 zuwa 2008 shekara 13 ce. Shin matan da suka tafi a wannan tsakani, rashin ilmi ne ya kashe su? Ilmin yana nan a ajiye cikin mujalla. Abin da aka rasa shi ne mai ɗauko shi ya kai ɗakin haihuwa, kuma wannan ɗawainiya, ta horar da ma'aikata da bin ofisoshi a sayo magani, ba ta da gurbi a takardar neman ƙarin girma.

Har ila yau mudun yana lanƙwasa mai bincike. Ambato yana zuwa ne daga inda marubuta suka fi yawa, watau Turai da Amurka, kuma kowa abin da ya dame shi yake ambata. Yoyon fitsari na doguwar naƙuda ya daɗe da ɓacewa a can. Ƙaramin malami mai neman hawa, in ya yi wayo, zai zaɓi abin da ake yayi a can, ya bar abin da ke cika gadajen Babbar Ruga a Katsina. Ga kuma 'yan dabaru da kowa ya sani: a yanka bincike ɗaya gida uku, ko ka ambace ni in ambace ka. Masana da kansu sun gaji, har a 2012 waɗansu suka taru a San Francisco suka yi sanarwar a daina auna mutum da sunan mujallar da ya yi bugu a ciki.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Ilmin wannan fanni daga jikin mutane ake ɗibarsa, kuma daga inda kunya ta fi yawa. Bahaushiyar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, ita ce mai bincike zai zaunar ya tambaya shekara nawa aka yi mata aure, ɓari nawa ta yi, yaya take da maigida. Ta amsa abin da ba ta faɗa wa uwarta ba. Tarihin fannin ma da irin wannan ya soma. J. Marion Sims, wanda ake dangana wa ɗinkin yoyon fitsari, a kan bayi mata ya koyi aikin a Alabama tsakanin 1845 da 1849, ba tare da maganin kashe zafi ba. Ɗaya daga cikinsu, Anarcha, an yi mata aiki wajen sau 30. Sunansa ya cika littattafai, har aka kafa gunkinsa a New York, sai a 2018 aka ɗauke shi daga inda yake. Yau ana neman yardar mace kafin a tambaye ta, ana kuma sakaya sunanta don sutura, kuma haka ya dace. Amma fa ma'anarsa ita ce ba za a taɓa biyanta da ambato ba. Ta ba da nata, an kai shi Turanci, an sa a mujallar da sai an biya kuɗi a karanta. Ni a ganina bashi ne, kuma yana wuyan wanda ya karɓa hannu da hannu.

Na san amsar da wani malamin zai bayar: an raba aiki, nawa bincike, aiwatarwa ta gwamnati ce. Akwai gaskiya a ciki, don malamin jami'a ba shi gina hanya ko sayen motar ɗaukar marasa lafiya. Sai dai matar ba gwamnati ta buɗe wa cikinta ba, shi ta buɗe wa. Ko bai iya komai ba, yana iya komawa garin da ya ɗebo bayani ya faɗa musu abin da ya gano, da harshen da suka ba shi.

Muna da abin koyi. A ƙarni na 19 Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci don malamai, amma ta yi da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji, su kuwa suka riƙa kai karatun ga matan ƙauye, 'yan taru. A nan ne mu 'yan ƙungiyar Hausa muke da hannu a maganar, don aikin harshe ne. Me zai hana kowane kundin digiri na wannan fanni ya zo da taƙaitawa ta shafi guda da Hausa, wadda za a iya karantawa a rediyo ko a makarantar matan aure? Abin da miji da uwar miji ke bukata daga duk binciken jijjiga bai fi layi uku ba: mai ciki in ta fara ciwon kai mai tsanani, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko tana gani dishi-dishi, a kai ta a auna jininta a ranar, kada a jira gari ya waye.