Rashin Sani Ba Izini Ba Ne

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. To, in ana neman inda dare da rashin sani suka haɗu wuri guda, sai a nufi ƙarƙashin teku. Hasken rana ba ya wuce zurfin mita 1,000, alhali kuwa matsakaicin zurfin teku ya kusa mita 3,700, ga shi kuma ruwan teku ya rufe wajen kashi 70 cikin ɗari na doron duniya. Tambayar da za mu tattauna a wannan maƙala ita ce: shin halittar da ba mu san ta ba, ba mu ko raɗa mata suna ba, tana da wani hakki a kanmu? In kuwa tana da shi, mene ne ya wajaba a kan mai ilmin da ya tashi zana taswirar mazauninta?

Bari mu soma da waiwayen tarihi. A shekarar 1843 wani masani ɗan Birtaniya, Edward Forbes, bayan ya yi bincike a tekun ƙasar Girka, ya ga yawan halittu yana raguwa gwargwadon zurfi, sai ya yanke hukunci cewa in an wuce mita 550 babu sauran mai rai. Aka yi ta koyar da haka. Daga 1872 zuwa 1876 jirgin bincike mai suna Challenger ya zaga tekunan duniya, ya komo da nau'o'in halittu fiye da 4,000 waɗanda ba a san su ba. Sa'an nan a 1977, kusa da tsibiran Galapagos, aka tarar da manyan tsutsotsi suna rayuwa a bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Watau duk inda masana suka ce "babu", daga baya sai ta bayyana cewa ba a duba ba ne kawai.

Yanzu mu zo kan inda maganar ta yi zafi. A tekun Fasifik, tsakanin Hawai da Meziko, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili a ƙasan ruwa da ake kira Clarion-Clipperton. Ya ninka Nijeriya girma fiye da sau huɗu, zurfinsa kuwa ya haura mita 4,000. A kan taɓonsa akwai wasu curarrun duwatsu masu kama da dankali, cike da manganis da nikel da kobal da tagulla, irin ma'adinan da ake yin batir da su. A 2023 masu bincike daga gidan tarihin halittu na Landan suka tattara duk abin da aka taɓa gani a wurin, suka ƙirga nau'o'in dabbobi 5,578, kuma wajen tara cikin kowane goma ba su da suna a littafin kimiyya. Haka kuma, har zuwa 2025, abin da aka auna da kyau na siffar ƙasan teku a duniya bai wuce rubu'i da ɗan ɗoriya ba. Wannan siffar tudu da kwari ce kurum, ba a zo maganar masu rai ba tukuna.

Wani zai ce ai maganin abin mai sauƙi ne, a zana taswira, a keɓe inda halittu suka fi yawa, a haƙa sauran. Amma fa taswira tana da fuska biyu. Takardar da ta nuna wa mai kare halittu inda zai ja iyaka, ita ce ke nuna wa mai haƙa inda zai sauke injinsa, kuma da yawa daga cikin bayanan da ake da su, masu neman ma'adinan ne suka ɗauki nauyin tattaro su. Hukumar duniya mai kula da ƙasan teku, wadda hedkwatarta ke Kingston ta ƙasar Jamaika, ta fara ba da lasisin binciken ma'adinai a wannan fili tun 2001. Sai a 2012 ta keɓe wurare tara da ba za a taɓa ba, ta ƙara huɗu a 2021. Da yake an riga an raba tsakiyar filin, sai wuraren kariya suka koma gefe-gefe. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi.

Sai dai adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Masu son a haƙa suna cewa duniya na bukatar batir don ta rage ƙona man fetur, kuma fiye da rabin kobal ɗin duniya daga Kwango ake tono shi, inda talakawa ke shan wahala a ramuka, ana kuma lalata daji da koguna. Ƙaramar ƙasa irin Nauru, wadda ta matsa wa hukumar a 2021 ta gaggauta fitar da dokokin haƙa, tana ganin wannan ce hanyar arzikinta. Su kan ce: a kan wata tsutsa da ba wanda ya san ta za a hana ɗan Adam abinci? Wannan hujja ce mai nauyi, ba ta raini ba.

Amsarta tana cikin bambancin ɓarnar da ke gyaruwa da wadda ba ta gyaruwa. Duwatsun nan 'yan milimitoci kaɗan suke ƙaruwa a cikin shekara miliyan ɗaya, su ne kuma kaɗai abu mai tauri da soson teku da makamantansa ke kamawa a cikin wannan taɓo. A 2016 an ba da rahoton wata dabba mai hannu takwas da ke ɗora ƙwanta a kan karan mataccen soso mai manne da irin dutsen nan. In an kwashe dutse, an kwashe ɗakin haihuwarta. A 1989 masana Jamusawa suka yi gwaji a teku daura da ƙasar Peru, suka ja garma a kan fili kamar murabba'in kilomita 11. Da aka koma a 2015, bayan shekara 26, sawun garmar yana nan, halittu da yawa kuwa ba su komo ba. Saboda haka, in muka jinkirta haƙa kuma ya zama mun yi kuskure, duwatsun suna nan suna jiranmu. In muka haƙa kuma ya zama mun yi kuskure, ba wanda zai iya mayar da abin da aka kwashe. Wanda ke son ya taɓa, shi ya kamata ya kawo hujjar cewa ba zai ɓata ba.

Kada mai karatu ya ce me ya haɗa mu da teku. A 1967 jakadan Malta, Arvid Pardo, ya nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki ƙasan tekun da ke bayan iyakar kowace ƙasa a matsayin gadon 'yan Adam baki ɗaya, aka kuma sa haka a cikin Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982, har da ƙasashen da ba su da gaɓa. Ke nan mutumin Damagaram da bai taɓa ganin teku ba magaji ne, haka ma jikokin da ba a haifa ba. A al'adarmu kuwa, magaji ɗaya ba ya sayar da gonar gado a bayan idon sauran, balle tun ba a zaga an ga abin da ke cikinta ba.

To, a nan ne nauyi ya hau kan mai ilmi. Ya wajaba mai zana taswira ya nuna a fili inda ya duba da inda bai duba ba, don kada a ɗauki farin wuri a takarda a ce kango ne. Ya wajaba ya bar bayanansa a buɗe ga kowa, ko da wa ya biya kuɗin jirgi. Ya wajaba kuma ya faɗa wa masu mulki cewa iyakar kariya ake fara ja kafin a raba fili. Mu ɗalibai da ake koya mana bincike, kowane fanni muke ciki, wata rana za a tambaye mu hukunci a kan abin da ba mu gama sani ba. Ranar nan mu tuna da Forbes, mu ce a dakata sai an duba.