Rawanin Soro Da Wayar Hannu

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:8, Fitowa 21:28-29, Romawa 13:1-10

Ga tambayarmu ta yau: idan mutum bai yi niyyar cutar kowa ba, amma sakacinsa ya kashe wani, yana da alhaki a gaban Allah?

Tsaya a mahaɗar Ndokoti da yamma, ko a titin da ya taso daga New Bell zuwa Akwa, za ka ga dalilin tambayar. Ga ɗan bensikin ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, ya ɗauko mace da goyo, yana kurɗawa tsakanin manyan motoci. Ga mai tasi, hannu ɗaya a sitiyari, ido a kan WhatsApp. Dokar hanya a Kamaru ta hana riƙe waya ana tuƙi, akwai kuma tara. Faransa da Ingila sun kafa irin wannan doka tun 2003. Amma mun san halinmu. In an hango jandarma sai a ajiye waya a cinya, da an wuce shi a ɗauka. In kuwa abu ya faru, sai mu ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.

Tsautsayi shi ne abin da ba ka san da shi ba. Wannan kuwa mun sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da yake amfani da waya ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin hatsari kusan sau 4. A rahotonta na 2023 ta ce mutum wajen 1,190,000 suke mutuwa a hanya kowace shekara. Yi lissafi da kanka. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 50 cikin daƙiƙa 3. Kafin ka gama karanta ɗan gajeren saƙo, ka yi tafiyar rabin filin ƙwallo kamar makaho, a unguwa irin Bepanda inda yara suke tsallaka titi zuwa makaranta.

Shari'ar Musa ta yi maganar irin wannan hali. A ƙasar Isra'ila mutane sukan huta a kan soro, don haka Ubangiji ya umarci mai gina gida ya kewaye soronsa da rawani. In bai yi ba, wani ya faɗo, jinin yana wuyansa, ko da yake bai tura kowa ba. Haka kuma batun sa mai tunkuyi. In sa ya kashe mutum ba zato, mai shi ba shi da laifi. Amma in an san halin san, aka gargaɗi mai shi, bai tsare shi ba, to, shi ma ya cancanci mutuwa. Mahautanmu da masu kawo shanu daga Adamawa sun gane wannan sarai. Bambancin yana wurin sani. Ɗan'uwana, an riga an gaya maka cewa sanka yana tunkuyi.

Wani zai ce, “Ai shekara goma ina yi, ban taɓa buge ko akuya ba.” Soron da ba shi da rawani ma yakan daɗe ba wanda ya faɗo. Wannan bai mai da maginin mai biyayya ba, jinƙan Allah ne ya rufa masa asiri. Wani kuma zai ce, “Na yi addu'a kafin in tashi.” Madalla. Amma ka tuna Shaiɗan ya ce wa Yesu ya dira daga ƙwanƙolin Haikali don mala'iku su tare shi, Ubangijinmu ya ƙi gwada Allah. Mai roƙon tsaro a hanyar Yawunde, sa'an nan ya ɗauke idonsa daga titi, gwada Allah yake yi.

Manzo Bulus ya koya wa Romawa su bi hukuma saboda lamiri, ba don tsoron horo kaɗai ba, ya kuma nuna cewa ƙauna ba ta jawo wa maƙwabci ɓarna. Maƙwabcinka a titi shi ne fasinjan da ya danƙa maka ransa, da tsohuwa mai tallar ayaba a bakin kwalta. Jandarma yana shinge ɗaya, Allah yana dukan hanyar.

Alhakin bai tsaya kan direba ba. 'Yar'uwa, in kin san maigidanki yana kan hanya, kada ki yi ta kira. Mai mota, kada ka matsa wa yaronka ya amsa yana tuƙi. Fasinja, buɗe baki da ladabi ka ce, “Direba, don Allah ajiye wayar.” Kai kuma direba, in kiran na gaggawa ne, raɓe gefe ka tsaya. Ciniki yakan dawo, rai ba ya dawowa.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu zuciya mai daraja ran da ka halitta cikin kamanninka. Ka tsare hannuwanmu daga alhakin jini, ka koya mana yin gaskiya inda ba mai ganinmu sai kai. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.