BA DUK DAMBU NE NA SALLAH BA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ya 'yan'uwa, a ƙasarmu ba wanda zai koya wa wani dambun nama. Bayan Babbar Sallah, daga Gwarzo zuwa Getso, daga Kabo zuwa Garo, gida-gida sai ƙarar turmi. A dafa naman layya da albasa da kayan yaji har ruwan ya tsotse, a daka, a soya da man gyaɗa a wuta kaɗan-kaɗan har ya bushe. Da an fitar masa da ruwa sai ya yi makonni bai lalace ba, shi ya sa ya zama guzurin ɗalibi da matafiyi. Kuma ajiyar nan tana da asali: Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda mabuƙatan da suka shigo Madina a wata shekara, daga baya ya yi izinin a ci, a yi sadaka, a adana.

To, abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne: dambun namu yana da wani mai kama da shi a ƙasashen gabashin Asiya. A ƙasar Sin da Taiwan ana kiransa rousong. Ana dafa nama da ruwan waken suya da sukari, a yayyaga shi, a busar a kasko har ya yi laushi kamar auduga. Launinsa da kamanninsa, wallahi sai ka rantse daga gidanku aka aiko shi. Amma galibinsa naman alade ne. A yaren Sinanci ma, idan aka ce "rou", wato nama, ba a faɗi na wace dabba ba, yawanci alade ake nufi.

Kuma ba a kwanon miya kaɗai za ka same shi ba, balle ka yi hattara. Ana barbaɗa shi a kan burodi da kek, a zuba a kunun shinkafa, a naɗe a cikin biskit. Ɗan kasuwarmu na Kantin Kwari ya je Guangzhou ko Yiwu sarin kaya, ya ƙi shiga gidan abinci don tsoron haram, ya ce bari ya tsaya a burodi kawai. Ka ga an gudu ba a tsira ba. Haka ɗalibi, haka wanda aka kawo wa tsaraba a leda mai rubutun da ba ya iya karantawa.

Hukuncin alade ba wurin saɓani ba ne. Allah ya haramta shi a wurare huɗu a Alƙur'ani: Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145, da Nahl aya ta 115. Dakawa da suya da sukari ba sa canza shi. Rangwamen da ayoyin suka yi na wanda yunwa ta kai shi bakin halaka ne, ba na wanda ya ƙyuyaci ya taka zuwa layin gaba ba.

To mene ne abin yi?

Na farko, ka tambaya kafin ka kai baki. A ƙasar Sin, Musulmi suna da alamar halal da ake kira qingzhen, haka ake rubuta ta: 清真. Ka ajiye hotonta a wayarka. Unguwar Xiaobei a Guangzhou cike take da gidajen abincin Musulmi. A kan leda kuwa, in ka ga kalmar "pork" ko "lard", alade ne da kitsensa.

Na biyu, kada ka yi wa kowa kuɗin goro. A Indonesiya akwai abon na naman sa, a Maleshiya akwai serunding na sa ko na kaza, Musulmi ne ke yi su ci, musamman da Sallah, kamar mu. Maleshiya ma tana da hukumar JAKIM mai ba da tambarin halal. Na kaza kuma a garin da ba na Musulmi ba, sai an duba wanda ya yanka.

Na uku, kada wani ya ce zai ɓoye dambun gida a jaka. Dokar kwastan ta Sin ta hana shiga da nama, ɗanye ko dafaffe. Wanda ya karɓi bizar mutane ya shiga alƙawari da su, Musulmi kuma ba ya ha'inci.

Wanda ya riga ya ci bai sani ba fa? Babu zunubi a kansa, Allah ya ɗauke wa al'ummar nan kuskure da mantuwa. Ya wanke bakinsa, ya kiyaye gaba. Laifin yana kan wanda zuciyarsa ta yi masa ƙaiƙayi amma ya ƙi tambaya don kada a ce masa a'a.

Sannan kada wannan ya zama wasiwasi a gida. Dambun maƙwabciyarki a Kabo ba ya buƙatar bincike. A hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari, da aka tambayi Annabi (SAW) game da naman da Musulmi ke kawowa ba a san ko sun ambaci sunan Allah ba, umarni ya yi a yi bisimilla a ci. A garin Musulmi kyautata zato ne asali. A inda alade ne naman yau da kullum, tambaya ce asali.

Ku kuma iyayenmu da 'yan'uwanmu mata masu sana'ar dambu a roba, ku ji tsoron Allah. Nama in an daka shi, ido ba ya gane na mece ce dabba, ko yankakke ne ko mushe. Mai saye amanarku kawai yake ci. Ku san mahaucin da kuke saye a wurinsa.

Duk mai ɗa ko ƙane da ke shirin tafiya, ya isar masa da wannan. Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare cikkunanmu da na iyalanmu daga haram. Wallahu a'alam.